Manuwar Da Aka Raɗa Wa Sunan Nijeriya

Mu Hausawa mutanen tudu ne. Daga Zariya zuwa bakin teku a Ikko ya fi mil 600 ta hanyar jirgin ƙasa. Saboda haka in aka ambaci Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke kira Yaƙin Hitila, abin da ke faɗo mana a rai shi ne soja da bindiga da dajin Bama. Ba mu cika tunawa da cewa duk sojan da ya bar Daffo a nan Zariya ya tafi wancan daji sai da ya hau ruwa ba. Haka gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da kuzar Jos, duk wadda ta isa Ingila a shekarun nan ta ruwa ta isa, ruwan kuwa cike yake da jiragen Jamus masu nutso. Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu tarihin jirgi guda daga cikin waɗanda suka yi aikin rakiya a wannan ruwa. Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne sunansa, gama Ingilishi sun kira shi HMS Nigeria, watau jirgin Sarkin Ingila mai suna Nijeriya.

An fara ƙera shi a 1938 a ma'aikatar Vickers Armstrongs da ke bakin kogin Tayin, kusa da Niyukasil. Aka tura shi ruwa ran 18 ga Yuli 1939, wata shida bayan fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta farko, jaridar da daga baya ta sami mazauni a nan Tudun Wada. Ya shiga aiki a Satumba 1940. Tsawonsa ƙafa 555 ne, yana ɗauke da manyan igwa 12 masu bakin inci 6, uku-uku a ɗaki huɗu, gudunsa kuma ya zarce mil 30 a sa'a. Irin jirgin da tsofaffinmu suke kira manuwa ke nan, amma matsakaiciya, wadda ba ta kai manyan dodannin teku nauyi ba, ta fi su sauri. Ba shi kaɗai ba ne a gidansu. Jirage 11 aka yi masu irin ƙirarsa, kowanne da sunan wata ƙasa ta mulkin mallaka: akwai Kenya, akwai Gambiya, akwai Yuganda, da Fiji da Jamaika da sauransu. Mai karatu ya lura, ba mu muka ba da sunan ba. Shi kansa sunan Nijeriya a lokacin shekararsa 42 kacal, tun da Flora Shaw ta fito da shi a jaridar The Times a 1897. Wanda ya raɗa wa ƙasa suna shi ne ya ɗauki sunan ya manna wa ƙarfensa.

Kafin mu bi jirgin, ya kamata a san mene ne aikin rakiya. Wannan kam ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba, domin fatakenmu da ke zuwa Gwanja sayen goro sun daɗe da sanin cewa mai tafiya shi kaɗai abincin 'yan fashi ne. Shi ya sa ake haɗa ayari, a sa madugu, jagaba na gaba, masu makamai na gefe. Daidai wannan dabara Ingilishi suka bi a teku. Jiragen kaya sukan taru a tashar Firitawun ta Saliyo, su tashi a jere zuwa Libaful, ƙananan jiragen yaƙi na kewaye da su. Ayarin ruwa da na tudu halinsu ɗaya: tafiyar mafi rauni ake yi, ba a kuma auna gwanintar ɗan rakiya da yawan 'yan fashin da ya kashe, sai da yawan jakan da suka isa zango da kayansu.

Aikin da ya fi kowane muhimmanci a rayuwar wannan jirgi, a ganina, shi ne wanda aka yi ba tare da wani faɗan kirki ba, a kan wani ɗan jirgin duba yanayi. A ƙasarmu manomi gabas yake duba in yana jiran hadari. A Turai abin juye yake, iska da hadari daga yamma suke tasowa, daga Tekun Atalantika. Ke nan Ingila, da ke bakin wannan teku, tana ganin yanayin gobe kafin Jamus ta gani. Jamusawa kuwa ba su iya tayar da jirgin sama ko fitar da manuwa sai sun san halin da sama za ta kasance. Sai suka ɗauki jiragen masunta, suka zuba musu ma'aunan iska da na zafi da wayar iska, suka tura su can arewa wajen ƙanƙara su yi makonni suna shawagi suna aiko da rahoto. Don kada abokin gaba ya karanta rahoton, sai aka ba su na'urar ɓoye saƙo ta sojan ruwan Jamus, wadda ake kira Enigma, tare da takardun da ke nuna yadda za a saita ta kowace rana.

A nan ne wani saurayi ya shigo labarin, ya kuwa kamata mu ɗalibai mu san shi. Sunansa Harry Hinsley, ɗalibin tarihi ne a Jami'ar Kambirij, bai ko gama digirinsa ba aka ɗauke shi aiki a Bletchley Park, gidan da Ingilishi suka tara masu warware saƙon asiri. A 1941 shekarunsa 22. Shi ne ya yi wannan lissafi: in aka far wa irin wannan ɗan jirgi ba zato, ma'aikatansa za su jefa na'urar da takardun ranar cikin ruwa, amma takardun watan gobe suna kulle cikin akwatin ƙarfe, mai gudun ceton rai kuwa da wuya ya tuna da su. Aka gwada ran 7 ga Mayu 1941 a kan jirgin da ake kira München, aka sami saitin watan Yuni. Da Yuni ya zo ƙarewa sai aka bukaci na Yuli. Aka tashi HMS Nigeria da ƙananan jirage uku, Tartar da Jupiter da Bedouin, su nemo wani jirgin mai suna Lauenburg a arewa maso gabas da tsibirin Jan Mayen. Ran 28 ga Yuni suka gan shi. Suka buɗe wuta don tsoratarwa, Jamusawan suka faɗa kwale-kwale, mutanen Tartar suka hau jirgin suka kwashe takardu, sa'an nan aka nutsar da shi don kada Jamus ta gane abin da aka ɗauka.

Ɗan jirgin masunta ne fa, wanda harsashi ɗaya na igwar manuwa zai iya farfasa shi. Amma takardun da aka ɗebo cikinsa sun sa Ingilishi suka riƙa karanta saƙonnin jiragen nutso na Jamus a watan Yuli kusan a ranar da aka aika su. Wanda ya san inda 'yan fashi suka yi kwanto sai ya sauya wa ayarinsa hanya, haka kuwa aka yi. Asarar jiragen kaya ta ragu ƙwarai a Yuli da Agusta na shekarar. Gaskiya ne akwai wasu dalilai, domin ran 22 ga Yuni Hitila ya auka wa Rasha ya janye jiragen samansa da yawa zuwa gabas, 'yan rakiya kuma sun ƙaru. Duk da haka ban ga wata ranar da igwa 12 ɗin nan suka tsirar da kaya da rayuka kamar wannan ranar da aka harba su don a ba da tsoro kawai ba.

Wata biyu bayan haka jirgin ya sake shiga sha'anin yanayi. A Agusta 1941 shi da wata manuwa mai suna Aurora, ƙarƙashin Adimiral Philip Vian, suka raka babban jirgin fasinja Empress of Canada zuwa tsibirin Spitsbergen, inda ake haƙar kwal. Aka kwashe Rashawa masu haƙa wajen 2,000 aka kai su Arkanjel, aka kwashe mutanen Norwe zuwa Ingila, aka ƙone kwal ɗin da aka tara. Tashoshin duba yanayi na tsibirin kuwa ba a rushe su nan da nan ba. An bar su suna ta aika rahoton ƙarya cewa hazo ya rufe ko'ina, don kada jiragen saman Jamus su zo leƙe, sai da aka gama aiki aka fasa su. A kan hanyar komowa, ran 7 ga Satumba, Nigeria da Aurora suka ci karo da jirgin Jamus Bremse a gaɓar arewacin Norwe suka nutsar da shi, amma goshin Nigeria ya lalace a wannan dare, sai da aka mai da shi kogin Tayin gyara. Shi kuwa Empress of Canada ajalinsa a ruwanmu na Afirka ta Yamma yake. A Maris 1943 jirgin nutso na Italiya ya nutsar da shi yana kan hanyar Takoradi, mutum 392 suka halaka.

Farkon 1942 jirgin ya yi shi ne yana kai da kawowa tsakanin Aisilan da Murmansk, yana tsaron ayarin da ke kai wa Rasha makamai. Wanda ke kukan sanyin hunturun Samaru ya tuna cewa a can ruwan da ya fantsamo kan jirgi nan take yake daskarewa, sai an sa gatari an sassare ƙanƙarar don kada nauyinta ya kifar da jirgin. Yana cikin masu tsaron ayarin PQ 16 a Mayu, yana kuma cikin rundunar da ke tsaro daga nesa sa'ad da aka yi wa PQ 17 kaca-kaca a Yuli, inda jiragen kaya 24 cikin 35 suka nutse bayan an ba su umarnin su watse. Ayarin da ya watse kuwa, ko a hanyar Gwanja an san makomarsa.

Daga ƙanƙara sai aka juya da shi Bahar Rum. Tsibirin Malta na hannun Ingilishi, Jamus da Italiya sun yi masa zobe, abinci da mai sun kusa ƙarewa. A Agusta 1942 aka haɗa jiragen kaya 14, aka sa musu jiragen yaƙi fiye da 40, aka ce su ratsa ko ta halin ƙaƙa. Adimiral Harold Burrough, wanda aka ɗora wa kai ayarin har bakin Malta, cikin Nigeria ya kafa tutarsa, watau jirgin shi ne mazaunin madugu. Ran 12 ga wata da magariba, a mashigin da ke tsakanin Tunisiya da Sisili, wani jirgin nutso na Italiya ya saki nakiyoyi huɗu masu tafiya da kansu, ya sami jirage uku: Nigeria, da wata manuwa mai suna Cairo, da jirgin dakon mai Ohio. Mutum 52 suka mutu cikin Nigeria. Cairo ba ta tashi ba. Jiragen nan biyu kuwa su ne ke da kayan yi wa jiragen saman rakiya jagora, saboda haka ayarin ya shiga dare kamar makaho. Jirage 5 kaɗai cikin 14 suka isa. Ohio ya shiga tashar Malta ran 15 ga wata, a ɗaure tsakanin ƙananan jiragen yaƙi, kamar majinyacin da aka tallabo ta hammata biyu, man da ya kawo kuwa shi ya tsirar da tsibirin.

To, a dubi sunayen da suka haɗu a wannan magariba. Jirgin Italiyan da ya yi harbin sunansa Axum, watau Aksum ta Habasha, ƙasar Sarki Najjashi inda Sahabbai suka yi hijira ta farko. Italiya ta ci Habasha a 1936, ta sa wa jiragenta na nutso sunayen garuruwan da ta ci, har dogon dutsen tarihi na Aksum ta ɗauke ta kai Rum, ba a mayar ba sai 2005. Jirgi na biyu da aka harba sunansa Alƙahira. Da Nigeria ya karkata, Adimiral Burrough ya sauka ya koma wani ƙaramin jirgi, sunansa Ashanti, wanda Sarkin Asante ya ba kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya sa'ad da ya ziyarci Gwalkwas a 1939. Aksum ta harbi Nijeriya da Alƙahira, madugu ya fake a Asante, alhali ba Nijeriya ba Asante, babu wadda ke da ikon kanta balle ta ce ga wanda take faɗa da shi. Abin da ya ƙara wa zancen gishiri shi ne, shekara guda da rabi kafin wannan, sojan Nijeriya na Birged ta 23 su ne suka shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu 1941, suka kori Italiyawa har Harar cikin Habasha. Mutanen Nijeriya sun taimaka an ƙwato ƙasar Aksum, ƙarfen da ke ɗauke da sunan Aksum ya huda ƙarfen da ke ɗauke da sunan Nijeriya.

Jirgin ya lallaɓa ya koma Jibraltar, daga nan aka kai shi Carleston ta Amurka, inda gyaransa ya ci wajen wata tara. Yana can kwance, a gida kuwa yaƙin ya fara cizo sosai. Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗiban talakawa ala tilas daga lardunan Arewa, har da na Zazzau, ana kai su haƙar kuza cikin sanyin tsaunuka, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta hau ruwa zuwa Indiya a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944. Samarin da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kaduna faɗi ba suka yi makonni ba su ga tudu ba.

A 1944 aka tura jirgin Tekun Indiya, ya zauna a Silon, wadda ake kira Siri Lanka yanzu, ya shiga hare-haren da aka kai Sabang a Afrilu da Yuli. Sai a Janairu 1945 sunan da masu sunan suka zo wuri guda, a gaɓar Arakan ta ƙasar Bama, ba Bama ta Barno ba, wadda yau ake ce wa Miyanma. Ingilishi suna son tsibirin Akyab saboda filin jirgin samansa. Aka shirya babban hari ran 3 ga Janairu, aka jera manuwa uku, Newcastle da Phoebe da Nigeria, don su share bakin gaɓa da igwa kafin soja su sauka. Da lokaci ya yi sai aka tarar ba kowa, Japanawa sun fice tun ran 31 ga Disamba. Me ya fitar da su? Sojan Indiya na matsa su ta bakin ruwa, ta cikin daji kuma Runduna ta 81 na gangarowa kwarin Kaladan, ta 82 ta ci Buthidaung tana tahowa, sun nufi Myohaung, mahaɗar hanyoyin da Japanawa ke samun abinci da harsashi. In suka tsaya a tsibirin za a datse musu baya. Rundunonin nan biyu na 'yan Nijeriya ne da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, da yawansu da Hausa suke magana da juna, dubbai daga cikinsu kuma ba bindiga suke riƙe da ita ba, kaya suke ɗauka a ka ta inda mota ba ta bi, alfadari ma da ƙyar. Kafin watan ya ƙare sun ci Myohaung, wadda ba ta fi mil 50 daga inda jirgin ya tsaya ba. Igwar Nijeriya ta ƙarfe ba ta sami abin harbi a Akyab ba, domin ƙafar Nijeriya ta tsoka ta riga ta yi rabin aikin. Ran 26 ga watan jirgin ya taimaka aka sauke sojan ruwan Ingila a tsibirin Cheduba.

Daga wannan yaƙi ne barikokinmu suka samo sunayen da ke ba mu wuyar faɗa: Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da Barikin Cindit na nan Zariya, don tunawa da bataliyoyin Nijeriya uku da suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa a 1944. A nan mu ma mun ɗauko sunayen garuruwan wasu mun manna wa gine-ginenmu ba da shawararsu ba. Arakan ɗin nan kuwa ita ce Rakhine, inda aka kori Musulmin Rohingya dubu ɗaruruwa a 2017, Buthidaung na cikin garuruwansu.

Sauran rayuwar jirgin ba ta da tsawon labari. Bayan yaƙi ya zauna a Simonstown ta Afirka ta Kudu. A 1948 aka tura shi tsibiran Falkland da gefen Antatika don nuna wa Ajantina da Cile ƙarfi, gwamnan wurin a lokacin kuwa, Miles Clifford, tsohon jami'in mulki ne a Nijeriya. Aikin duba yanayi a teku, wanda aka yi ta kisa a kansa, ya zama na haɗin kai: a 1946 ƙasashe suka yi yarjejeniya a Landan suka kafa tashoshi 13 a Atalantika saboda jiragen sama masu ƙetarewa, aka mai da tsofaffin jiragen rakiya da yawa masu duba yanayi. Tauraron ɗan'adam ya zo ya karɓe aikin, jirgi na ƙarshe, Polarfront na Norwe, ya bar tasharsa a ƙarshen 2009.

A 1954 Ingila ta sayar da HMS Nigeria ga Indiya, shekara biyu kafin a kafa rundunar sojan ruwan Nijeriya a 1956. Aka kankare sunan, ran 29 ga Agusta 1957 ya zama INS Mysore. Yana cikin jiragen da Indiya ta fitar sa'ad da ta ƙwace Gowa daga hannun Fotugal a 1961, shi ne kuma mazaunin kwamandan rundunar yamma a yaƙinta da Pakistan a 1971. Ya yi wa Ingila aiki ƙasa da shekara 15, ya yi wa Indiya shekara 28, aka sallame shi a Agusta 1985 aka yanka ƙarfen. Sunan kuwa ya dawo gida a 1959 a kan wani tsohon jirgin share nakiya da Ingila ta ba mu, HMS Hare, wanda bai daɗe ba aka yar da shi a 1962. Sai a 1965 aka ƙera mana sabon jirgi a Holan da kuɗinmu, muka sa masa NNS Nigeria da bakinmu. Shi ma a farkon shekarun 1980, da aka sayo NNS Aradu daga Jamus, aka sauya masa suna ya koma Obuma.